Ajujuwa Uku da Kududdufi Ɗaya: Yadda Magina Suka Karɓi Sharuɗɗan Kare Muhalli a Wani Ƙauyen Jigawa

Asalin lamarin, zuwa Satumba 2022

Ƙauyen yana kwarin Kogin Haɗeja, tafiyar kamar rabin awa a babur daga bakin kwalta. Mutanensa manoman shinkafa da gero ne, da 'yan tsirarun masunta. Makarantar firamare ɗaya ce a garin, kuma babban gininta ajujuwa uku ne a jere, kowanne mita 7 da 8, na bulon siminti da rufin kwano.

Lokacin da aka yi ginin tun farko, a bayan makarantar aka haƙi ƙasar cikon daɓe, taku talatin daga bango, aka bar ramin a buɗe. Ramin ya zama kududdufi. Daga nan duk mai gyaran katanga ko ɗaki can yake zuwa ɗiban ƙasa, kuma gefen makaranta ya fi sauƙin sauka da jaki. Shekara da shekaru ramin yana matsowa, har ya rage taku bakwai tsakaninsa da bango.

Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ruwan da ke gangarowa daga wajejen Tiga da Challawa ya tarar da ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, sai ya fantsama gonaki da garuruwa. A wannan ƙauye ruwa ya kwana goma sha ɗaya a harabar makaranta. Kududdufin ya cika ya batse, ya ci ƙasar da ke ƙarƙashin fandisho, bangon baya ya tsage daga sama har ƙasa, ajin ƙarshe ya zube da daddare. Allah ya kiyaye, ba kowa a ciki.

Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: takarda ta iso

Ƙungiyar ci gaban garin ta yi karo-karo, wata ƙungiyar agaji ta yi alkawarin cike sauran kuɗin. Ina cikin kwamitin mutum biyar da aka ɗora wa sa ido. Masu ba da tallafin sun haɗo kuɗinsu da takarda mai shafi arba'in cikin Turanci, ta yadda za a tafiyar da aikin ba tare da cutar da muhalli ba. Idan aka tace ta, abin da take nema shi ne a yi bango da bulon ƙasa da ake matsewa da injin hannu maimakon bulon siminti, kada a ɗebi yashi a gaɓar kogin da ke kusa da gari, kada a sare tsamiya biyu da gawo ɗaya da ke filin, a daina ƙona buhunan siminti da zubar da baƙin mai a ƙasa, a cike kududdufin, a kuma dasa itatuwa sittin.

Injiniyan da aka turo matashi ne daga Dutse. Ya yarda da abin da ke cikin takardar, amma bai ɓoye mana ba cewa a ayyukan da ya yi a baya irin wannan takarda a durowa take ƙarewa. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 manyan ayyuka ta fi shafa, irin su madatsun ruwa da manyan tituna da masana'antu, kuma tun da ya fara aiki bai taɓa ganin jami'in muhalli ya zo duba ginin aji a ƙauye ba. Abin da ake auna injiniya da shi, in ji shi, abu biyu ne: ya gama a kan lokaci, ginin bai faɗi ba.

Ɗan kwangilar ya sa hannu bai ma karanta ba. Da aka fassara masa, tambayarsa ɗaya ce: wane layi ne a cikin bil, wato takardar ƙididdigar kayan aiki da kuɗinsu, ya biya waɗannan abubuwa? Babu ko ɗaya. An ce masa ai suna cikin aikin.

Birkiloli kuwa kalmar "ƙasa" ce ta tsaya musu a wuya. A wurinsu ginin ƙasa na wanda bai samu ba ne, wanda ya samu sai siminti. Sun kuma ga da idonsu yadda gidajen ƙasa suka narke a ruwan Satumba. Babban birkilan ya ce wa injiniya a gaban kowa: "Yallaɓai, ruwa ya ci siminti, sai ka kawo masa ƙasa?" Aka yi dariya, injiniya ya yi shiru.

Maris zuwa Mayu 2023: doka da tara

Aiki ya fara a lokaci mafi muni. Ana tsakiyar ƙarancin takardun Naira, leburori ba sa karɓar tiransifa, ga azumi ya kama a ƙarshen Maris, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Injiniya ya kafa allo a bakin fili, ya rubuta sharuɗɗan da Hausa, ya ce duk wanda ya karya za a yanke masa kuɗi.

An fara buga bulo da ƙasar filin makarantar, saboda takardar ta ce a yi amfani da ƙasar da ke wurin. Ƙasar kuwa turɓaya ce, ba ta da danƙo. Masu bugawa jinga aka yi da su, a kan kowane bulo ake biyansu, don haka ba mai ɓata lokaci wajen tankaɗe ko juya haɗi sau uku. Bulon ƙasa mai siminti yana bukatar a lulluɓe shi, a riƙa yayyafa masa ruwa aƙalla kwana bakwai, ya huta a inuwa har kusan mako huɗu kafin a ɗora shi. Ruwa a garin sai an saya a kura wurin 'yan garuwa, kuma daga aljihun ɗan kwangila. Aka jera bulo a rana, ba leda, ba zana. Cikin 2,000 da aka buga, fiye da rabi idan ka murza gefensu da yatsa sai su zube.

Yashin fandisho kuma aka ce sai an ɗauko shi daga wani wuri mai nisan kilomita 14. Direban tifa a kan sawu ake biyansa. Daga gaɓar kogin kusa yana iya yin sawu shida a yini, daga can nesa da ƙyar ya yi biyu, ga tsadar gas. Da rana sai ya je nesa sau ɗaya don a gani, bayan isha'i ya koma gaɓar da aka hana. Kowa a garin ya sani. Mu 'yan kwamiti ma mun sani, muka kawar da kai, saboda muna son a gama kafin ruwa ya sauka.

Injiniya ya yanke wa leburori biyu kuɗin yini saboda sun ƙona buhunan siminti. Washegari ba wanda ya fito aiki. Sai da dagaci ya sa baki aka mayar musu da kuɗinsu. A cikin wannan tsakanin aka wayi gari an sassare rabin rassan tsamiya ɗaya, an yi turakan dandamali da su, domin katakon da ke cikin bil bai iso ba.

Ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin fetur, kuɗin tayar da injin ban ruwan da aka aro ya ninka fiye da biyu. Ɗan kwangila ya ce a koma bulon siminti ko ya ajiye aikin. Ruwan farko ya sauka a Yuni, aka tsaya. Abin da ke ƙasa a lokacin: ramin fandisho da aka haƙa rabi, da tulin bulo marar amfani.

Daminar 2023: taron bita

Masu tallafin suka ga matsalar rashin sani ce. A watan Agusta aka kwashi ma'aikatan zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, aka yi musu bitar yini biyu da majigi. An nuna musu ƙanƙarar da ke narkewa a can ƙuryar arewa da kudancin duniya, an gaya musu cewa yin siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Gaskiya ne, amma mai buga bulo da ya baro noman gonarsa ya zo, abin da ya riƙe shi ne kuɗin mota da shinkafar rana. An kuma dasa itatuwa sittin ɗin a harabar makaranta, aka ɗauki hoto. Ba shinge, ba wanda aka ɗora wa ban ruwa. Kafin kaka ta wuce awaki sun bar guda huɗu.

Abu ɗaya mai amfani da ya fito daga bitar a bakin ƙofa ya faru. Wani dattijon magini na garin, wanda ba a gayyata ba amma ya biyo ɗansa, ya tare injiniya ya ce: "Ɗana, ƙasar da kuka buga ko akurki ba a yi da ita. Ka zo in nuna maka inda iyayenmu ke ɗiba."

Oktoba zuwa Disamba 2023: katanga uku a fili

Baba, kamar yadda kowa ke kiransa, ya haura saba'in. Ya gaji gini da tubali da azara, ya yi shafen makuba, irin wadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a samu. Tun da siminti ya shigo ba a neman shawararsa sai a gyaran rumbu. Ya kai injiniya wani tudu a arewacin gari, kilomita biyu, inda akwai jar ƙasa mai ɗan danƙo. Ya jiƙa ta kaɗan, ya dunƙula a tafin hannu, ya sake ta daga daidai ƙugunsa. Ya ce idan ta watse ta zama gari, rairayi ya yi yawa ko ruwa ya yi kaɗan. Idan ta faɗi a dunƙule ba ta fashe ba, laka ko ruwa ya yi yawa. Idan ta rabu gida huɗu ko biyar, ita ce. Injiniya shi kuma ya zuba ƙasar a kwalba da ruwa, ya girgiza, ya bari ta kwana: yashi ya zauna a ƙasa, ya fi rabi, laka ta kwanta a sama siririya. Gwajin biyu suka ba da amsa ɗaya. Na lura daga ranar injiniya ya daina cewa "takarda ta ce", ya koma cewa "bari mu ji ta bakin Baba", ko da ya riga ya san amsar.

Aka buga bulo 300 na gwaji, awon siminti ɗaya ga awon ƙasa goma sha shida, aka tankaɗe, aka lulluɓe da leda da zana a gindin tsamiyar da ta tsira, ana yayyafi safe da yamma. Bayan kwana 28 aka tayar da gajerun katangu uku a tsakiyar fili: ɗaya ta bulon siminti irin na kasuwa, ɗaya ta tsohon bulon da ya lalace, ɗaya ta sabon. Aka ba babban birkila guduma da bokiti aka ce ya yi abin da ya ga dama. Ya kwarara ruwa, ya jefa bulo ɗaya-ɗaya a baho suka kwana. Na turɓaya ya narke. Sabon ya fito da kaifin gefensa. Na kasuwa bai narke ba, amma ya fashe a bugu na biyu, abin da bai ba kowa mamaki ba, domin duk birkila ya san buhun da ya kamata ya ba da bulo inci tara kamar 30, masu gidan bulo kan ja shi ya kai 45 ko fiye. Birkilan bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi a ba shi igiya da ma'auni ya gwada jeri ɗaya.

Sai aka zauna a kan bil, kuma nan ne aka fi daɗewa. Zama huɗu aka yi, biyu sun tashi baram-baram. A ƙarshe aka buɗe sababbin layuka, kowanne da kuɗinsa: ruwan yayyafi a kan kura, leda da zana, yini biyu na kwashe ƙasar saman gonar da ke kan tudun a ajiye gefe da yini biyu na mayar da ita, katakon dandamali, shingen ƙaya ga kowace bishiya. Masu buga bulo aka raba musu jinga biyu, rabi ranar bugawa, rabi bayan kwana 28 a kan bulon da ya tsira, aka kuma ɗan ƙara farashin. Direban tifa aka koma biyansa da nisa. Buhunan siminti aka sa musu kuɗi: wanda ya kawo buhu lafiyayye ya karɓi 'yan canji, aka cika su da ƙasa aka jera a bakin kududdufi. Allon tara aka cire shi, aka yi teburin auna haɗi da shi. Don kuɗin su isa, aka soke fenti da silin na roba.

Batun cike kududdufi dagaci ne ya ƙi. Ya ce nan dabbobi ke sha har tsakiyar rani, nan kuma ruwan unguwar gabas ke taruwa, idan aka toshe shi gidaje zai shiga. Injiniya ya bi hanyar ruwan da ƙafa, ya dawo ya ce dagaci ya fi takarda gaskiya. Aka rubuta wa masu tallafi, suka yi mako uku kafin su amince. Aka cike gefen makaranta kawai, mita goma sha biyu daga bango, da ɓaraguzan tsohon gini da bulon da ya lalace, aka kwantar da gaɓar don kada ta riƙa zaftarewa, aka dasa ciyawar jema a kanta, aka fitar wa ramin mafita ta kudu zuwa fadama.

Janairu zuwa Mayu 2024: gini

Fandisho da ginshiƙai na kankare da rodi ne, ba a yi wasa da su ba. An ɗaga daɓe santimita 90 daga ƙasa, an ɗora jeri uku na bulon siminti mai kyau, sannan bulon ƙasa ya hau. Kwano ya zarce bango da kusan mita ɗaya ta kowane gefe, an zagaye ginin da dakali da lambatu. Bulo kusan 6,500 aka buga, wanda ya lalace bai kai 300 ba. A tudun da aka ɗebi ƙasa ba a zarce zurfin mita ɗaya ba, kuma mai gonar ya tsaya a kai har aka mayar masa da ƙasar sama.

A nan akwai wani lissafi da ba a faɗa wa ma'aikata a wurin bita ba, ɗan kwangila ne ya fito da shi a bayan kwalin sigari. Bulon siminti goma ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango, bulon ƙasa kuwa sai wajen 33. Buhu ɗaya yana ba da bulon ƙasa kamar 100. Idan ka raba, simintin da ke cikin bangon kansa kusan ɗaya ne. Ragin yana wajen shafe, domin bulon ƙasa idan an jera shi da kyau ba ya bukatar filasta ciki da waje, sai kuma sawun yashin da ba a ɗauko ba. A wannan gini shafen kaɗai zai ci buhu wajen 40.

Da farko wannan bai dame shi ba. Sai ga Fabrairun 2024, buhun siminti ya haura Naira 10,000, har gwamnatin tarayya ta kira masu kamfanonin siminti aka yi zama a kan farashi. An yi bil ɗin ne lokacin da buhu bai wuce rabin haka ba. Mutumin da ya yi barazanar ajiye aiki saboda bulon ƙasa shi ne ya koma tsaye a kan birkiloli yana cewa su daidaita layi, kada a bar abin da zai sa a ce sai an shafe. Birkiloli sun yi ƙorafin cewa aikin ya fi cin lokaci, kuma kuskure ba ya ɓuya tunda ba filastar da za ta rufe shi. An ƙara musu kwana tara a jinga. An miƙa makullai a tsakiyar Mayu, shekara guda bayan ranar da aka sa tun farko.

Daminar 2024 da bayanta

Ruwan Agusta ya sake yin ɓarna a sassan Jigawa. A ƙauyen ya shiga harabar makaranta, ya tsaya kwana huɗu, ya kai tsawon taƙi biyu a jikin dakali, bai hau daɓe ba. Bai kai na 2022 ba, don haka ba za a ce ginin ya ci babbar jarrabawa ba tukuna. Gaɓar kududdufi ta zauna, sai wuri ɗaya da jema ba ta kama ba. Bangon gabas, inda ruwa ke bugowa da iska, ya ɗan sassaƙe a jeri biyu, aka shafe shi. Cikin itatuwa 40 da aka sake dasawa, darbejiya da tsamiya, aka raba wa 'yan aji biyar da shida kowa da tasa, 27 sun ga rani na biyu. Malamai sun ce a watan Afrilu ana iya zama a ajin har azahar, abin da ba a iya yi a tsohon.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Ban ga ma'aikaci ko ɗaya da ke ƙin muhalli ba a wannan aiki. Direban tifa ya san zaftarewar gaɓa fiye da wanda ya rubuta takardar, gonar ƙanin mahaifinsa ma kogin ya ci. Amma an ba shi doka da ke cewa ya je nesa, aka bar masa jinga da ke cewa ya tsaya kusa, shi kuwa da jinga yake cefane. Haka mai buga bulo, haka ɗan kwangila. Kowane sharaɗi a takardar yana da kuɗi, kuma a zagayen farko an ɗora kuɗin a kan mafi ƙarancin samu ba tare da an faɗa ba. Tara ta ƙara musu nauyi, bita ta ba su labarin da ba su nema ba. Ranar da ruwa da leda da nisan yashi suka shiga bil, gardama ta mutu da kanta.

Shakkar birkiloli a kan ƙasa ba jahilci ba ce. Bulon farko ya tabbatar da maganarsu, kuma da an ɗora shi da an yi asara mafi girma. Abin da ya sauya su guduma ce da baho, da ganin cewa dattijon da suka sani ya sa hannu. Injiniya kuma ya fara samun biyayya ne bayan ya yarda a bainar jama'a cewa takardar ta yi kuskure sau biyu, a kan ƙasar fili da a kan kududdufi. Namu laifin, mu 'yan kwamiti, shi ne gaggawa: mun ga tifa tana sauka kogi da daddare muka yi shiru, shirun kuma ya ci mana shekara.

Sai dai ba zan ce mutanen sun sauya ra'ayi baki ɗaya ba. Tsadar siminti ta yi rabin wa'azin. Ɗan kwangilar ya samu wani aikin shaguna a garin da ke bakin kwalta, ya koma bulon kasuwa da yashin gaɓa, domin a can ba wanda ya sa komai a bil. Injin matsa bulon yana zauren dagaci. Ɗan Baba da abokansa biyu sun are shi sau uku, sun yi wa mutane ɗakuna biyu da katangar masallacin unguwa, kuma har yanzu sai sun yi ciniki mai tsawo kafin mai gida ya yarda ya biya kuɗin ruwan yayyafi.